Kula da fata a ƙauyukan Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu: abubuwa huɗu da suka wadatar

Kasuwannin Wad Madani da Sinnar da Damazin cike suke da mayukan shafawa masu sunaye iri-iri, kuma kowane kwali yana alkawarin gyara fata cikin 'yan kwanaki. Amma abin da fatar mai lafiya ke buƙata a kullum bai wuce huɗu ba: wanki da ruwa mai tsabta da sabulu mara kaifi, man da zai riƙe danshi, kariya daga rana, da takalmin da zai tsare ƙafa. Kusan dukkansu ana samun su a cikin ƙauye ko a kasuwar mako. Sauran kayan gyaran jiki ado ne, wasu ba su da illa, wasu kuma su ne ke kai mata da 'yan mata asibiti.

Ƙasar da yanayinta

Hausawa sun daɗe a wannan yanki na Sudan. Wasu sun zo ne a hanyar aikin hajji suka zauna, wasu kuma sun biyo hijirar da aka yi bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'arsa, Fulani da Hausawa, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kogin da a Sudan ake kira Nil al-Azrak, kudu da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe babban shirin noman rani na Jazira, sai buƙatar ma'aikatan auduga ta jawo ƙarin mutanen yamma. Yau zuriyarsu na noma da su da kasuwanci a ƙauyuka da unguwannin leburorin gona da ake kira kambo, tun daga Jazira har Damazin da Rusairis.

Wannan zama yana da tasiri a kan fata. Shirin Jazira ya mamaye faddan sama da miliyan 2, kuma magudanan ruwa ne suka ratsa shi ta ko'ina, don haka hannu da ƙafar manomi kullum suna cikin ruwa da laka. Ƙasar baƙar laka ce mai danƙo da damina, mai tsagewa da rani, ga ƙayoyi a ko'ina. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu busasshiyar iskar arewa ke kaɗawa, irin hunturun da aka sani a Maradi da Katsina, sannan gab da damina guguwar ƙura da ake kira habub takan taso. Fata a nan tana fama da bushewa rabin shekara, da gumi da ƙuraje a sauran rabin.

Na farko: ruwa da sabulu

Saman fata yana da wani siririn rufi na maiƙo da matattun ƙwayoyin halitta, wanda ke hana ruwan jiki fita, yana kuma hana ƙwayoyin cuta shiga. Rufin yana da ɗan tsami, kusan 5 a ma'aunin pH. Sabulun wanki na sanda da garin wanki suna can wajen 10 ko fiye, shi ya sa suke cire maiƙon tufafi da kyau, kuma haka suke kwashe na fata. Mai wanka da su kullum zai ga jikinsa ya yi fari fat kamar an barbaɗa toka, yana ƙaiƙayi, musamman a ƙwauri da damtse.

Sabulun wanka na yau da kullum, mara yawan ƙamshi, shi ya fi dacewa. Wanda aka sa wa gilisarin ya fi laushi. Sabulun gargajiya na toka da mai, irin sabulun salo, yana wanke jiki sosai, amma ƙarfinsa ya danganta da hannun da ya haɗa shi, don haka idan yana sa fuska zafi ko ja sai a bar shi. Sabulun da aka rubuta yana kashe ƙwayoyin cuta bai fi na talaka amfani ba wajen wankan gida. Wanda kuwa aka rubuta yana haska fata ya kamata a kauce masa gaba ɗaya, saboda wasu irinsa na ɗauke da zaiba.

Wanka da sabulu sau ɗaya a yini ya isa, a fi mayar da hankali ga hammata da matsematsi da ƙafa. Lokacin zafi ana iya ƙara watsa ruwa zalla. Ruwa mai zafi ƙwarai da dirzar jiki da soso mai kaushi suna ƙara bushewa, kuma a baƙar fata duk wurin da aka dirje har ya ji rauni yakan warke da tabo mai duhu. Fuska tafin hannu ya ishe ta, safe da dare.

Shi kansa ruwan yana buƙatar kulawa. Magudanan Jazira sun shahara da tsargiya, cutar da tsutsarta ke fitowa daga ƙananan katantanwa, ta huda fatar mai wanka ko mai wanki cikin 'yan mintuna. Alamar farko ƙaiƙayi ne da ƙananan ƙuraje bayan an fito daga ruwa, daga baya a ga jini a fitsari ko a bayan gida. Matan ƙauyukan bakin Nilu sun daɗe suna kwantar da dattin ruwa da dakakken ƙwallon zogale ko da alif, kuma dabarar tana sa ruwa ya yi garau, sai dai ba ta kashe tsutsar. Abin da ke kashe ta shi ne a tafasa ruwan, ko a sa masa kulorin, ko a ajiye shi a randa ko jarka kwana biyu zuwa uku kafin a yi wanka da shi, domin tsutsar ba ta daɗewa a raye idan ba ta sami jikin mutum ba. Wanda ya riga ya kamu yana buƙatar ƙwayar da a asibiti ake kira praziquantel.

Na biyu: man shafawa

Aikin mai shi ne ya rufe danshin da ke cikin fata kada iska ta kwashe shi. Saboda haka lokacin shafa shi ya fi nau'insa muhimmanci. A shafa da zarar an fito wanka, jiki da sauran laima, bayan an ɗan tsane shi da tsumma mai tsabta. Man da aka shafa a busasshiyar fata sheƙi kawai yake bayarwa.

Man riɗi shi ne man yankin. Sinnar da Shuɗin Nilu da Gadarif na cikin manyan wuraren noman riɗi a Sudan, kuma har yanzu akwai matsar gargajiya da raƙumi ke juyawa. Yana shiga fata da sauƙi, yana kuma jure ajiya fiye da mayuka da yawa. A zuba shi a kwalba mai murfi, a ɓoye daga rana, idan warinsa ya canja a zubar. Man da aka riga aka yi suya da shi ba na shafawa ba ne.

Basilin ya fi kowane mai ƙarfin hana ruwa fita daga fata, yana da araha, kuma da wuya ya jawo ƙaiƙayi. Shi ya fi dacewa da leɓe da gwiwar hannu da diddige a lokacin sanyi. A tsananin zafi kuwa, lafta shi a duk jiki yana toshe hanyar gumi ya kawo ƙurajen zafi, sai a taƙaita shi ga wuraren da suka bushe. A zaɓi fari mara ƙamshi, a cikin mazubinsa na asali. Gilisarin da ake saya a kantin magani yana jawo danshi zuwa fata, amma a busasshiyar iska ba a shafa shi zalla: a gauraya shi da ruwa, a shafa, sannan a bi da mai a kai. Man kaɗanya, wanda Hausawan Nijar da Najeriya da Gana suka fi sabawa da shi, yana yin aiki iri ɗaya. A Sudan ta Kudu ana kiransa lulu.

Ɗaya daga cikin waɗannan ya wadatar, babu buƙatar tara su. Mai fuska mai maiƙo ko mai ƙurajen balaga ya rage mai a fuska, ya bar shi ga jiki. Karkar, wato haɗin man riɗi da kitse da kakin zuma da matan Sudan ke yi, na gashi ne, kuma idan yana gangarowa goshi yakan haifar da ƙuraje a bakin gashi. Wanda cin riɗi ko gyaɗa ke sa wa kumburi ko borin jini kada ya shafa mansu. Duk wani sabon mai a fara gwada shi a cikin damtse kwana biyu kafin a kai shi fuska.

Alwala sau biyar a yini tana jiƙa hannu da ƙafa da fuska, iskar sanyi kuma ta busar da su nan take, daga nan fata ke fara tsagewa. Ɗan mai kaɗan bayan alwalar asuba da ta isha yana hana hakan. Tsakanin yatsun ƙafa kuwa tsanewa yake so, domin laimar da ke zama a wurin ita ke sa fatar ta yi fari tana ruɓewa.

Na uku: kariya daga rana

Baƙar fata tana da kariyarta ta halitta, kuma kansar fata ba ta yawaita a cikinta kamar a farar fata. Duk da haka rana tana ƙara duhun tabon ƙuraje, tana fito da baƙin da ke bayyana a kumatu da goshin mata, musamman masu ciki, tana kuma sa fatar mai yini a gona ta yi kauri ta tattare da wuri. Mata da yawa da suka faɗa shafa man bilicin irin wannan tabo ne ya fara kai su.

Kariya mafi arha ita ce tufafi da inuwa. Malafa mai faɗin baki tana rufe fuska da kunne da ƙeya, abin da hula ba ta yi. Riga mai dogon hannu ta auduga, da rawani, da tob ɗin da matan Sudan ke yafawa, wanda a yamma ake kira laffaya, duk suna tare rana. Yadi mai matsattsiyar saƙa ya fi shara-shara. Hasken da ke ƙona fata ya fi ƙarfi daga hantsi zuwa la'asar, kusan ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, don haka al'adar fita gona da sassafe a huta da tsakar rana tana taimakon fata kamar yadda take taimakon jiki. Masunta su tuna cewa ruwa yana maido da hasken rana fuska, ko da akwai malafa a ka.

Man kariya daga rana yana da tsada, kuma ba kowane ƙauye ake samunsa ba. Mai hali ya nemi wanda aka rubuta wa SPF 30 ko sama, wanda ke tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata idan an shafa shi da yawa yadda ya kamata. Ana sabunta shi bayan kowane awa biyu idan ana cikin rana, ko bayan gumi mai yawa. Ga mutane iri uku ya zama dole: zabiya, da wanda fatarsa ta yi laushi saboda man bilicin, da wanda likita ke yi wa maganin tabon fuska. Zabiya ba shi da launin da ke kare fata, kansar fata na iya kama shi tun yana matashi. Yana buƙatar SPF 50, da malafa da dogayen tufafi tun yana jariri, da aikin da ba na tsakar rana ba, kuma duk wani gyambo ko ɓawon da ya ƙi warkewa a jikinsa a nuna wa likita ba tare da jinkiri ba.

Na huɗu: takalmi

A wasu ƙasashe ba a lissafa takalmi cikin kayan kula da fata, amma a tsakiyar Sudan yana kan gaba. Dalili shi ne cutar maisitoma, wadda mutanen ƙasar ke kira nabit ko madura. Ƙwayar cutar tana zaune a ƙasa, tana shiga jiki ta hanyar sukar ƙaya ko ƙaramin rauni. Takan fara da ɗan kumburi mai tauri mara zafi, galibi a ƙafa. Bayan watanni ko shekaru sai ya buɗe ƙananan ramuka masu fitar da ruwa da wasu 'yan ƙwayoyi kamar tsaba, baƙaƙe ko farare ko jajaye. Idan aka bar ta takan ci nama har ƙashi, a ƙarshe a yanke ƙafar.

Sudan na cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya, kuma Jazira da Sinnar da Farin Nilu ne cibiyarta. A 1991 aka kafa Cibiyar Binciken Maisitoma ta Jami'ar Khartum a Soba, ƙarƙashin Farfesa Ahmed Hassan Fahal, sannan a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar a jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya durƙusar da aikin cibiyar, maganin kuma na watanni ne masu yawa, sau da yawa tare da tiyata. Rigakafi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Takalmin da ya rufe yatsu da diddige, ko markub na fata ko na roba, ya fi silifas a gona da wajen kiwo da ɗebo itace. Mai ban ruwa ya sa dogon takalmin roba, wanda ke kare shi daga tsargiya ma. Da yamma a wanke ƙafa, a duba ta, a cire ƙayar da ta shiga da abu mai tsabta, a wanke wurin da sabulu. Don kaushi da faso, a jiƙa ƙafa cikin ruwa mai ɗumi minti 10, a goge a hankali da dutsen goge ƙafa, a shafa basilin, a sa safa a kwana da ita. Ba a yanke kaushi da reza. Mai ciwon suga ya duba ƙafarsa kowace rana, saboda zai iya jin rauni bai sani ba. Mai feshin maganin ƙwari a gonar auduga ko ta kayan lambu ya sa safar hannu da dogayen tufafi, ya yi wanka da sabulu da zarar ya gama, a kuma wanke kayan aikinsa daban da na iyali, domin gubar tana ratsa fata.

Tsarin yini a taƙaice

Da safe a wanke fuska, a shafa mai kaɗan, a ɗauki malafa ko mayafi da takalmi, a ƙara man kariya daga rana idan akwai. Bayan aiki a yi wanka da sabulu, a shafa mai tun jiki bai bushe ba. Kafin kwanciya a wanke kwalliyar fuska, a duba ƙafa da hannu. Duka bai fi minti 10 ba idan aka cire wanka. Matashi mai ƙurajen fuska zai iya ƙara man kantin magani mai suna benzoyl peroxide, mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5, da dare, ya kuma yi haƙurin mako 6 zuwa 8 kafin ya ga canji. Matse ƙurji shi ke barin tabo.

Dilka da dukhan da lalle

Gyaran jikin Sudan ya yi suna har Kano da Maiduguri da Damagaram, inda amare ke neman dilka da halawa da humra. Dilka curin garin dawa ne da ake haɗawa da kayan ƙamshi irin su mahlab da sandal da kanumfari, a turara shi da hayaƙi, a riƙa murza shi a jiki don cire matacciyar fata. Sau ɗaya a mako ya isa, kuma ba a yin ta a kan ƙuraje ko rauni. Haɗarinta na zuwa ne idan mai haɗawa ta zuba man bilicin a ciki don amarya ta yi haske da sauri, saboda haka ya dace a tambayi abin da ke cikinta.

Dukhan shi ne zama a kan ramin hayaƙin itacen talha, an shafe jiki da mai an lulluɓa da bargo. Yana ba fata ƙamshi da launi, amma hayaƙi hayaƙi ne. Ba a yin sa a rufaffen ɗaki, mai asma da mai ciki su bar shi, yara kuma a nisanta su da ramin saboda ƙuna.

Lallen ganye yana ba da launi ja zuwa ruwan ƙasa, yana ɗaukar awoyi kafin ya kama. Baƙin da ke kamawa cikin rabin awa rini ne mai sinadarin PPD, wanda a Sudan ake kira sibga. Yana iya sa fata ta yi bororo, ta bar tabo daidai da zanen, kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin sa zai riƙa ƙin rinin gashi har abada. Asibitocin Sudan sun daɗe suna karɓar waɗanda gubarsa ta kama, akasari ta hanyar sha, wasu kuma bayan an shafa shi da yawa. Alamominta su ne kumburin fuska da wuya da harshe, da sarƙewar numfashi, da fitsari mai duhu. Babu maganin da ke karya wannan guba, gaggawar kai mutum asibiti ce ke ceton rai. A ɓoye rinin inda yaro ba zai kai hannu ba. Jarirai ba a sa musu lalle ko da na ganye ne, domin yana iya fasa jajayen ƙwayoyin jinin yaron da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD. Kwallin dutse ma sau da yawa yana ɗauke da dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yaro.

Man bilicin

Shafe-shafen haska fata ya yaɗu a Sudan kamar yadda ya yaɗu a Afirka ta Yamma. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Jazira, aka wallafa a 2017, ya tambayi ɗalibai mata 348, sai kusan kashi 74 cikin 100 suka ce sun yi amfani da irin waɗannan kayayyaki a cikin shekarar da ta gabata. A kasuwanni akwai shagunan da ake wa laƙabi da gadir zurufak, wato daidai ƙarfinka, inda ake auna haɗin mayuka da cokali a ƙulla a leda, babu suna babu kwanan wata. A ƙasar da ake auna darajar mutum da launi da asali, matsin da ke kan 'yan matan Hausawa ba ƙarami ba ne, musamman idan aure ya matso.

Abubuwa uku ne suka fi yawa a cikin mayukan. Na farko magungunan kumburi masu ƙarfi, da a jikin kwali ake rubuta clobetasol ko betamethasone. Likita kan rubuta su na ɗan lokaci don wata cuta. Shafa su wata da watanni yana sa fata ta yi siriri jijiyoyi su bayyana, ya kawo nankarwa da ƙuraje da makero mai faɗi, ya hana rauni warkewa, har ya kai ga hawan jini da ciwon suga. Na biyu shi ne hydroquinone, wanda bayan dogon amfani ke juyewa ya bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu da ƙeya, mai wuyar magani. Na uku zaiba, da ake rubutawa mercure ko mercury ko calomel, ko a ƙi rubutawa sam. Tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana isa ga ɗan tayi da jariri mai shan nono, tana kuma bin tawul da shimfiɗa ta kai ga sauran mutanen gida.

Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta fara da iyakance zaiba a kayan kwalliya, sannan a 2023 ƙasashen da ke cikinta suka amince a haramta ta gaba ɗaya daga 2025. Kodebuwa ta hana mayukan bilicin masu haɗari a 2015, hukumar NAFDAC ta Najeriya kuma ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Amma doka ba ta cika isa kasuwar ƙauye ba, mai saye ne zai kare kansa. Duk man da ba shi da jerin abin da ke cikinsa, ko aka rubuta masa éclaircissant, ko aka ce zai haska fata cikin mako ɗaya, a bar shi a kanti. Wadda ta daɗe tana shafa mai maganin kumburi kada ta daina rana ɗaya, domin fuska kan yi ja ta yi zafi, jiki ma na iya raunana. Ta nemi ma'aikacin lafiya ya tsara mata yadda za ta rage a hankali, tana shafa basilin ko man riɗi, tana guje wa rana. Launinta na asali zai dawo, wani lokaci da ɗan ƙarin duhu na wasu watanni kafin ya daidaita.

Jarirai da zaman gudun hijira

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jinkirta wankan farko na jariri awa 24, saboda farin maiƙon da ake haifarsa da shi kariya ne. Bayan haka ruwa mai ɗumi da sabulu kaɗan sun isa, a bi da basilin mara ƙamshi ko man furen rana, wanda ake nomawa a Shuɗin Nilu. Ba a sa toka ko kwalli ko mai a cibiya, sai maganin da unguwar zoma ko asibiti suka bayar.

Rikicin Shuɗin Nilu na Yulin 2022 ya raba dubban Hausawa da gidajensu. Daga baya yaƙi ya kai Wad Madani a Disambar 2023, ya kai Sinja a tsakiyar 2024, mutane suka cunkushe a makarantu da sansanoni. A irin wannan zama sabulu ne ke gaba da komai, domin yana tsare fata, yana kuma tsare mutum daga kwalara. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji ke bi ita ce a ba kowane mutum aƙalla lita 15 na ruwa a yini, da giram 250 na sabulun wanka da giram 200 na sabulun wanki a wata. Sanin wannan adadi yana taimaka wa shugabannin unguwa idan za su gabatar da buƙatar jama'arsu.

Cutar fatar da cunkoso ya fi haifarwa ita ce ƙazuwa: ƙaiƙayi mai tsanani da dare, da ƙuraje a tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu. Wanka kaɗai ba ya kawar da ita, man bilicin kuma ƙara mata ƙarfi yake. Maganinta permethrin ne ko benzyl benzoate ko man farar wuta, kuma dole duk 'yan gida su shafa rana ɗaya, har wanda bai fara susa ba. Tufafi da shimfiɗa a wanke su da ruwan zafi, ko a ɗaure su a leda aƙalla kwana uku.

Lokacin da ya kamata a nemi asibiti

Sabulu da mai na fatar mai lafiya ne, ba sa maye gurbin magani. A nemi ma'aikacin lafiya idan aka ga kumburi mai tauri a ƙafa ko hannu da ya ƙi tafiya, ko da ba ya zafi, ko gyambon da ya wuce mako uku bai warke ba. Haka nan farin tabo ko ja wanda ba a jin taɓawa a kansa, domin yana iya zama farkon kuturta, wadda ake warkewa sarai idan an fara magani da wuri. Makero a kan yaro mai zubar da gashi yana buƙatar maganin sha, na shafawa ba ya isa. Ƙuraje a fuskar wanda ya taɓa jinyar kala-azar, cutar da aka sani a Gadarif da Sinnar da Shuɗin Nilu, su ma a nuna su. Ja da kumburi mai yaɗuwa tare da zazzaɓi, ko kumburin fuska da wuya bayan rini, ba sa jiran gari ya waye.